Man da Suruki Ya Zuba

Ni ban iya tuƙi ba, ban kuma taɓa sha'awar koya ba, amma ko daga barci aka tashe ni aka ce in yi bayanin fulogin mota, zan yi shi tiryan-tiryan. Ƙanena Muktar ne ya jawo mini wannan ilimi da ban nema ba. Ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka duk abin da ya kwaso a duniya a kunnena yake saukewa, ko ina so ko ba na so.

Bakanike ne, garejinsa na nan Daura a kan hanyar Katsina, kuma ba don ƙanena ba ne, hannunsa na da kyau. Cutarsa guda ce, wata tsohuwar Marsandi baƙa da ya saya tana mushe ya tayar da ita. A jikin injinta akwai wani abu da suke kira kwamfaresa, aikinsa ɗura wa inji iska da ƙarfi, kamar yadda maƙeri ke zuga wuta. Waɗanda suka ƙera motar sun san iya iskar da suka ba ta, amma Muktar ya ce rowa suka yi. Ya cire ƙarfen da bel ke juyawa ya sa ƙarami, don abin ya riƙa juyi da sauri. Daga ranar, in ya taka ta sai ka ji wani siririn kuka yana tashi daga gabanta. Samarin gari suka sa mata suna Shirwa, shi kuma kansa ya kumbura.

Daga ranar kuma ta koma mai zaɓen abinci. Iska mai yawa, in ji shi, zafi mai yawa ke nan. Fulogin da kowa ke sawa ba ya jure wannan zafi, bakinsa ja yake yi kamar garwashi ya kunna mai tun lokaci bai yi ba. Sai wani da yake kira mai sanyi, wanda ake aiko masa daga Kano, bakinsa siriri kamar allura. Yakan kwance su ya kawo gidana, ya jera mini a kan farantin da nake tsince shinkafa, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken rana.

"Yaya Haulatu, kin ga wannan launin, kamar soyayyiyar gyaɗa? Lafiya ke nan. Ran da kika ga ya yi fari fat, to a fara haƙa kabari."

"Naka ko na motar?"

"Ai duk ɗaya ne, Yaya."

Mai kuwa, gidan mai guda yake sha a duk faɗin Daura, shi ma sai ranar da tanka ta sauke sabo. Sai ya ƙara masa wani magani na gwangwani, ya cika jarka ya ajiye a but, ba ya fita gari ba tare da ita ba. Ya ce mai mara ƙarfi ba ya jiran fulogi, da ya ji matsi sai ya fashe da kansa, sai ki ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙara, in ji shi, fistin ne ake ci da rai. Na ji wannan karatu har na haddace, ban taɓa zaton zai yi mini amfani ko ya cuce ni ba.

Matarsa Mardiyya 'yar wani ƙauye ce a bayan Zango. Mahaifinta, Baffa Sama'ila, a da dillalin shanu ne da ake tashi a gaishe shi a kara. Ciwo ya ci rabin garkensa, ɓarayi suka kora sauran. Bai zauna yana ba da labarin da ba, ya kafa ɗan tebur a gindin wata darbejiya a bakin hanya, ya jera kwalaben fetur, 'yan acaba na tsayawa suna sha. Wannan mutum ya ba Muktar 'yarsa tun Muktar na yaron gareji, ba shi da ko sifana tasa ta kansa. Da danginsa suka yi ƙorafi, cewa ya yi yaron na da kunya, shi kuma kunya yake aurar wa.

Kuma gaskiya ne, Muktar na da ita. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Bai taɓa kallon idon surukinsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Gaisuwarsu ma kowa gefe yake kallo, sai ka ce da bango ake yi. Da Mardiyya ta haihu a gidan iyayenta, haihuwar fari, Muktar ya sa wa yaron sunan Baffa, muke kiransa Halifa. Abin da ke tsakanin mutanen nan biyu ba a faɗinsa da baki, amma duk wanda ya san Muktar ya san babu mutumin da yake son ya ga girmansa irin wannan tsoho.

Da Mardiyya ta gama wanka ta yi arba'in, ni aka ce in raka Muktar mu ɗauko ta. Na ce masa ya ari motar maƙwabcinsa Abdulbaƙi, mota mai hankali da ke cin duk abin da aka ba ta. Ya ce haba Yaya, ɗansa na fari zai shigo Daura a motar aro? Na san ba wannan ba ne, so yake mutanen ƙauyen su ga abin da surukin Baffa ya zama. Ya sa sababbin fulogi, ya wanke ta har tana ɗaukar ido. Gidan man nasa bai sauke ba a makon, don haka muka tafi da abin da ya rage a tanki, da jarkarsa a but.

Lokacin kaka ne, an yanke gero, gonaki sun yi fili. Mun sami tarba ta mutunci. Inna Kyauta, mahaifiyar Mardiyya, ta fito da kayan da za a haɗa wa mai jego: rabin buhun gero, ƙwaryar man shanu, daddawa, kuka, da zabi biyu an ɗaure musu ƙafa. Tana ta ba ni haƙuri, wai ba yawa, shekarar ce ta zo a haka. Na ce mata ta bar wannan magana, amma na ga idonta, na san da ciwo. Gidan da ya saba rakiyar 'ya da saniya ne.

Muka fito ƙofar gida, an cika but da kaya, mutane sun taru suna zagaya mota. Sai ga Baffa Sama'ila ya fito daga zaure yana rinjaye da jarka a kowane hannu. Ya dire su a gefen mota, ya koma ya kwaso kwalabe a cikin kwali. Wani ɗan acaba da ke tsaye ya yi dariya ya ce, "Tun shekaranjiya ya hana mu mai, wai na surukinsa ne. Har Zango muke zuwa sha."

Baffa bai kula shi ba. Ya dube ni, don ni ce zai iya kallo, ya ce, "Haulatu, a ce a buɗe tanki."

Na juya na dubi Muktar. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, amma na ga wuyansa ya jiƙe. Ya matso kusa da ni kamar zai gyara mini jaka, ya yi magana ta tsakanin haƙora.

"Yaya, ki yi magana."

"In ce me?"

"Ki ce tanki a cike yake."

"Samarin nan sun leƙa sun ga allurar mai a ƙasa, tun ɗazu suke faɗa."

"Yaya, man nan ya kwana ya wuni a rana. Ba a san ma inda aka ɗebo shi ba."

Na ce masa in yana da baki ya faɗa da kansa. Na san ba shi da shi. Ni kuwa ko da wuƙa a wuyana ba zan dubi dattijon da ya rufe sana'arsa don ya fita kunyar suruki, a gaban mutanen garinsu, in ce masa kyautarsa ba ta yi ba. Har yau ban ga laifina a nan ba.

Muktar ya tashi da kansa ya buɗe tankin. Baffa ya kafa mazurari, ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a bakinsa don ya tace, ya ɗaga jarka. Ta yi masa nauyi, wani ya zo zai karɓa ya ce a bar shi. Ya juye ta farko, ya juye ta biyu, ya bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe har girgiza ta ya yi. Mutane na ta sa albarka, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na ga fuskar Baffa a lokacin, ta saki, kamar an mayar masa da wani abu da ya daɗe da rasawa. Mardiyya na bayan mota da jariri, tana share ido da gefen mayafi.

"Ba yawa," in ji Baffa, yana kallon ƙasa. "A kai takwara gida lafiya."

Muktar ya buɗe baki, godiyar ma da ƙyar ta fito.

Muka kama hanya. Tunda nake shiga motar nan ban taɓa ganin ya tuƙa ta haka ba, kamar mai ɗauke da ƙwai a cinya. Ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya karkata kai yana sauraron inji. Na yi masa magana sau biyu bai ji ba. Mota kuwa tana tafiya lafiya lau, ko tari ba ta yi.

Ba mu kai Zango ba muka tarar da wata motar itace tana jan ciki a gabanmu, hayaƙinta na shigo mana. Mardiyya ta rufe fuskar yaro. Muktar ya leƙa, ya ga hanya, hali ya rinjaye shi ya taka. Shirwa ta yi kukanta, a ƙarƙashin kukan kuma na ji abin da kunnena: tsakuwa a gwangwani, 'yar kaɗan, kamar ƙiftawar ido. Da ban sha karatu ba da ban ma lura ba.

Ya ɗage ƙafa kamar ya taka wuta. Ya gangara gefen hanya kusa da wani gawo, ya kashe mota.

"Abban Halifa, lafiya?" in ji Mardiyya.

"Ba komai, wani ɗan abu zan duba."

Ya buɗe but ya fara sauke kaya, don jarkarsa da akwatin sifanu suna can ƙasa. Gero, man shanu, daddawa, zabi, duk ya jera su a bakin kwalta. Da na ga ya ciro jarkar nan na gane, zubar da man Baffa zai yi. Na fita na same shi a bayan mota.

"Muktar, kada ka yi."

"Yaya, kin ji da kunnenki."

"Na ji. Da ka taka ne ta yi. In ka tafi a hankali kamar ɗazu fa, ba za ta kai mu ba?"

Ya riƙa juya sifana a hannu. Ƙarya ba ta cikin halinsa, ko da za ta cece shi.

"Za ta kai," ya ce. "In ban taka ba, ba abin da zai same ta."

"To?"

"Tanki guda ne fa, Yaya. Sati zan yi ina tafiya kamar mai jaki, ina sauraron wannan ƙara. Ba zan iya ba. Wa zai sani?"

"Matarka na cikin mota."

"Mardiyya za ta gane."

Ban san inda maza ke samo wannan tabbaci ba. Na ce to aƙalla ya tara a wani abu, a ba mabukata. Ya ce a me, jarka guda ce kuma a cike take. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota ta baya, ƙafafunsa kawai ke waje. Na ji ƙarar ƙarfe, sai wari ya tashi, sai ga mai ya biyo ƙasa yana neman gangare.

Na ce wa Mardiyya ta fito da yaro saboda warin. Ta fito ta tsaya a inuwar gawo. Ta dubi kayan gidansu a zube a bakin hanya, ta dubi abin da ke malala a cikin yashi. Da ta yi kuka ko ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ni da ban kwance komai ba, na kasa haɗa ido da yarinyar.

Da mashin ne ya zo da ƙararsa da mun ji tun daga nesa. Amma a ƙafa ya zo. Na ɗaga kai kawai na ga Baffa ya kusa, yana tura tsohon mashin, an ɗaure wani shuɗin baho a bayansa. Bahon wankan jariri ne, Mardiyya ta manta shi a tsakar gida. Daga baya muka ji Inna Kyauta ce ta matsa, shi ne ya ce zai kai tashar Zango ya ba direban Daura. Bai tuna cewa bai rage wa kansa ko kwalba guda ba, mashin ya mutu masa a hanya. Da ya hango motarmu a tsaye ya ɗauka lalacewa ta yi, ya ƙara sauri, gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu.

Na yi gyaran murya, na taɓa ƙafar Muktar da tawa. Shi kuwa daga ƙarƙashin mota, da muryarsa ta gareji, ya ce, "Yaya, ki ji warinsa don Allah. Wannan ko injin markaɗe ba zan ba shi ba."

Baffa ya tsaya. Ya dubi man da ya zo har kusa da takalminsa, ya dubi buhun gero da zabin da ke haki a rana. 'Yarsa ya ƙi kallo, ita ma ta juya baya. Wallahi na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige.

Ya kafe mashin. Ya kwance igiya a hankali, ya sauke bahon, ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya tura shi ƙarƙashin mota daidai inda man ke zuba. Ƙarar ta canza, daga ta yashi ta koma ta roba.

Ƙafafun Muktar suka daina motsi. Daga inda yake kwance ba abin da yake gani sai hannu da takalmi, amma ya san su. Ya daɗe a haka. Ina jin da za a bar shi da can zai kwana. Da ya fito, mai ya jiƙa masa hannun riga, bai ko miƙe ba, daga kwance ya koma durƙuso, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

Man ya ci gaba da zuba har bahon ya kusa cika. Sannan Baffa ya dube ni.

"Haulatu, ko za a ba ni kaɗan in zuba a mashin? In samu in koma gida."

Roƙo ya yi, kamar kayan wani. Na ce, "Baffa, ai naka ne."

"A'a. Na riga na bayar."

Ya ɗebi kaɗan da wata kwalbar ruwa ya zuba a mashin. Ya tambaye ni ko jarkar da ke ajiye ta kirki ce, na ce e. Ya ce to alhamdu lillahi, a zuba, kada rana ta yi wa yaro yawa. Ya tsaya har Muktar ya mayar da tiyon da ya kwance, ya juye nasa man a tanki, kansa a sunkuye. Sai Baffa ya karɓi jarkar da ta zama wofi ya juye na bahon a ciki, ya rufe, ya sa a but da hannunsa. Ya cuɗa bahon da yashi, ya kakkaɓe, ya miƙo mini.

"A wanke da sabulu sosai kafin a sa yaro. A yi haƙuri, ban san ba ya yi mata ba. Da an faɗa mini."

Shi ya taya mu mayar da kaya. Ya buga mashin ya juya, muna kallon bayansa har ya ɓace.

Muka kama hanyar Daura. Mun shigo gari, mun kusa gida, Mardiyya ta yi magana sau ɗaya, ba ta ɗaga murya ba.

"Ragon da ya ajiye wa layya ya sayar ya saro man nan."

Muktar ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai waiwaya ba.

Ba ta yi yaji ba, ba ta fasa masa girki ba. Abu guda ta yi. Muktar ya sayo sabon baho mai kyau, ta gode ta kife shi a kan akwati, ta ci gaba da wankan Halifa a shuɗin nan. An wanke shi da sabulu, an wanke da toka, amma roba in ta sha fetur ba ta mantawa. Da an zuba ruwan zafi sai warin ya ɗan taso. Kullum da safe Muktar na fita gareji ta gefen wannan baho.

Ya daina zuwa jera mini fulogi a faranti. Ya daina taka mota, samari na yi masa kirari a hanya ba ya ɗaga hannu. Ni ma, in faɗi gaskiya, da na ji an ambaci Zango sai in canza magana. An yi bikin wata 'yar uwar Mardiyya na ƙi zuwa, na ce ciwon ƙafa.

Ran nan Muktar ya shigo gidana da rana, ya ajiye wani ƙulli a gabana. Na buɗe, fulogin nan ne masu bakin allura, da ƙaramin ƙarfen da ya sa wa kwamfaresa.

"Na mayar mata da nata na asali," ya ce. "Da fulogi irin na kowa. Na gwada ta da man bakin hanya, ta sha, ko tari. Yaya, ki raka ni."

"Ka je ka ce me?"

"Ba zan iya cewa komai ba. Shi ya sa nake so ki zo."

Na so in ƙi, amma na dubi yadda ya rame na ɗauki mayafi. Da gangan ya tafi da tanki kusan wofi, ba jarka a but. Shirwa ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba a hanya, ta zama mota kamar ta Abdulbaƙi.

Mun sami Baffa a gindin darbejiyarsa, kwalabe a jere, sun ragu a kan da. Muktar ya tuɓe takalmi tun daga bakin kwalta ya durƙusa. Baffa ya amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi takwara, ya tambayi mai jego, ya tambayi aiki. Ba fushi a muryarsa ko kaɗan, abin da ya fi komai ciwo ke nan.

Na ce, "Baffa, mai za mu sha. An gyara motar, yanzu kowane iri tana sha."

Muktar ya tura ƙullin nan gaba kaɗan a kan ƙasa, ya buɗe shi, don a gani. Baffa ya dubi ƙarafan, na tabbata bai san ko mene ne ba.

"Allah sarki," ya ce. "Ai da ba a ɓata mota saboda ni ba. Wannan na 'yan acaba ne, Haulatu. Gidan mai na nan cikin Zango."

"Baffa, ba za ta kai Zango ba. Ba komai a tankin."

Ya dubi motar. Sai ya tashi, ya ɗauki jarka wofi ya ɗaura a bayan mashin. Na ce Baffa don girman Allah, ya ce yanzu zai je Zango ya dawo, a zauna a inuwa. Muktar ya ɗago, ya sake sunkuyar da kai, kamar dai ranar farko. Muna ji muna gani tsoho ya hau hanya cikin rana.

Muka zauna. Wani ɗan acaba ya tsaya yana neman kwalba guda, ya duba bai ga mai tebur ba. Muktar ya tashi ya ɗauki mazurari ya zuba masa, ya sa kuɗin a ƙarƙashin dutsen da Baffa ke sawa. Mutumin ya dube shi, ya dubi mota, ya ce, "Ba kai ne surukin ba?" Muktar ya ce shi ne. Mutumin bai ƙara komai ba ya tafi, ban san abin da ya sani ba.

Baffa ya dawo da jarka cike. Wannan karon ba taro, ba guɗa, daga mu sai wata akuya. Ya sauke ta da kansa, ya kafa mazurari, ya shimfiɗa farin ƙyallen nan. Har ya ɗaga jarkar sai ya tuna wani abu, ya dire ta. Ya tsiyaya kaɗan a murfi, ya tako har inda Muktar ke durƙushe, ya miƙa masa da hannu biyu, fuskarsa na kallon gefe. Na duba da kyau ko gatse ne, ban ga alama ba. Tsoro ne kawai irin na mutumin da ba ya so ya sake kuskure.

"A sansana tukuna," ya ce. "In bai yi ba in mayar."

Babba ya miƙo abu, ba a barin hannunsa a sama. Muktar ya karɓi murfin, ya sunkuya ya sansana, hawaye na ɗiga a ciki.